Tocilar da Na Kai Kanada

Daren da za mu tashi daga Kano, sau biyu Hajiya tana zare tocilar daga akwati, sau biyu ina mayar da ita. Ita kilo take lissafi, domin an ce kada jaka ta wuce 23, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga kanwa da garin kunun mai jego, ga zannuwan goyo. Da ta gan ta a karo na uku sai ta ce, "Malam, ƙasar da za mu je fa ba a ɗauke wuta. So kake ka ba mu kunya a gidan suruki?" Na ce mata tocila ba ta cin tuwo, ba kuma ta biyan kuɗin jirgi. Ta yi tsaki ta bar ni.

Shekara 28 ina koyar da aikin wuta a wata makarantar fasaha, da yamma kuma ina haɗa wa mutane sola da inbata. Wanda ya yi wannan sana'a a Kano ba ya shiga ɗaki bai fara duba inda soket yake ba. Ƴarmu ce ta haihu a Edmonton, a lardin Alberta, a ƙarshen Disambar 2023. Haihuwar fari ce, a al'ada ita ya kamata ta zo gida wanka, amma nisa da takardu suka sa wankan ya bi ta can. Ni dai ɗan rakiya ne.

Mun ratsa ta Adis Ababa muka sauka Toronto, muka sake hawa wani jirgin na kusan awa huɗu zuwa yamma. Da dare muka iso. Ta taga na ga garin a shimfiɗe kamar an watsa garwashi a faifai, babu unguwa ɗaya da ta yi duhu. Idan ka saba saukowa Kano da dare, ka san yadda idonka ke neman inda ake da wuta da inda babu, har ka ce lallai yau ƴan Hotoro ne da rabo. A nan idona ya rasa aikin yi.

Surukina ya ce mun taki sa'a, bana sanyin da sauƙi, watan Nuwamba ma ya wuce ba a ga dusar ƙanƙara ba. Ni kuwa da ƙofar filin jirgin ta buɗe sai na ji kamar an mare ni da faranti. A wajen ajiye motoci na ga wayar wuta tana leƙowa daga hancin kusan kowace mota, na ɗauka duk masu aiki da batir ne. Ashe ƴar hita ce a jikin injin, ana jona ta da dare don kada mai ya daskare motar ta ƙi tashi da safe. Wato a garin nan ko motar fetur sai ta sha lantarki kafin ta motsa.

Zama a gidan suruki akwai nauyi, shi ma yaron yana ta sunkuyar da kai, don haka na nemi abin da zai ɗauke mini hankali. Kwana biyu da zuwa na ce ya nuna mini ɗakin ƙasa, inda injin ɗumama gidan yake. Iskar gas yake ƙonawa, kamar na yawancin gidajen Alberta. Amma da na buɗe murfin na bi wayoyin, sai na ga abin da ke kunna wutar na lantarki ne, fankar da ke tura ɗumin zuwa ɗakuna ta lantarki ce, ƴar na'urar da ke ba shi umarni ma haka. Gas na iya cika bututu maƙil, in babu wuta injin gunki ne. Na hau sama na duba madafa: murhun na lantarki ne. Ƙofar gareji ma sai da wuta take ɗagawa. Babu kyandir, babu ashana, babu gawayi, babu ko jarka ɗaya ta ruwa a ajiye.

Na ce, "Idan aka ɗauke wuta fa?"

Ya ce, "Baba, ai nan ba a ɗaukewa."

"Ban tambaye ka ko ana ɗaukewa ba. Cewa na yi idan aka ɗauke."

Ya yi murmushi irin na yaro mai tarbiyya da ba ya son musu da babba, ya ce in ma ta faru, minti kaɗan ne. Hajiya kuwa tana can tana sa wa famfon ruwan zafi albarka. Matar da ta yi wa ƙannenta da ƴaƴan ƴan'uwa wankan jego da itace, tana tashi tun kafin asuba tana fama da hayaƙi, yau ga tafasasshen ruwa da murɗa ƙarfe kawai. Ba zan iya ce mata komai ba.

A mako na biyu na Janairu sanyin gaske ya sauko. Ba ni da kalmar da zan kwatanta shi da ita, domin hunturunmu ko ƙanensa bai kai ba. Kana fita gashin hancinka zai sandare, numfashi ya riƙa sukar ƙirji, gemu ya yi fari da ƙanƙara kafin ka kai mota. Ranar Juma'a 12 ga wata ma'aunin filin jirgin Edmonton ya kusa digiri 46 ƙasa da sifili. Duk da haka muka je masallacin Al-Rashid, wanda jama'arsa ce ta gina masallaci na farko a Kanada a 1938, kuma sahu ya cika. Rana tana fitowa wajen tara saura, kafin biyar an yi magariba. Na lura ba ta ɗumama komai, haske kawai take bayarwa, ta koma.

Washegari Asabar, 13 ga Janairu 2024, mun yi isha'i muna zaune a falo. Injin wanki yana juyawa da kayan jariri, injin busarwa yana nasa, tanda tana gasa kaza, talabijin yana magana shi kaɗai, fitilun ado na waje da aka saka tun Disamba suna ta walƙiya a gidajen maƙwabta. Bakwai saura kwata sai duk wayoyin gidan suka ɗauki wata ƙara lokaci guda, ƙara mai tayar da hankali, har talabijin ya yanke shirinsa. Jaririn ya fashe da kuka. Hajiya ta hau salati, ta ɗauka yaƙi ne.

Surukina ya karanta saƙon ya fassara mata. Gwamnatin lardi ce take cewa tsananin sanyi ya sa buƙatar wuta ta yi yawa, abin da ake iya shigowa da shi daga maƙwabta kuma ya yi kaɗan, saboda haka akwai babban haɗarin a fara ɗauke wuta unguwa-unguwa a daren. Ana roƙon kowa ya kashe fitilun da ba dole ba, ya dakatar da manyan injuna, ya rage kunna ƙananan hitoci, ya jinkirta cajin mota da jona hitar inji.

Ban ce komai ba. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko tocilar na ajiye a kan tebur.

Abin da na gani bayan nan ya burge ni, kuma dole in faɗa. Ƴata ta kashe injin busarwa, mijinta ya bi ɗakuna yana kashe fitilu, ya fita da gudu ya zare wayar mota. Na ɗaga labule na ga layin namu yana dusashewa gida bayan gida, fitilun ado suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗan sanda, babu mai bin gida-gida. Hukumar da ke kula da rarraba wutar lardin, AESO, ta sanar daga baya cewa nan take buƙata ta ragu da megawat 100, cikin ƴan mintuna ta kai 200, kuma wannan ne ya hana a ɗauke. Lardin Saskatchewan ma ya turo kimanin 150. Na zauna ina juya lissafin a raina. Megawat 200 da mutane suka zubar ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba! A ranaku da yawa, abin da ake turo wa Kano da Katsina da Jigawa a haɗe bai fi haka da wani abin kirki ba. Kwana biyu kafin nan Alberta, mai mutum ƙasa da miliyan biyar, ta ja megawat 12,384 a lokaci guda, mafi yawa a tarihinta zuwa ranar. Najeriya gaba ɗayanta tsakanin dubu huɗu da biyar take lilo.

Amma a wannan sa'o'in ba lissafi ne ya fi damuna ba, jaririn ne. Na tambayi surukina awa nawa gidan zai riƙe ɗumi in injin ya tsaya. Bai sani ba. Ina za mu kai mai jego da ɗan sati uku? Bai sani ba. Ina makunnin da ake rufe ruwan gidan, don kada bututu ya daskare ya fashe? Sai da muka sauka da tocilar muka nemo shi tare, a bayan kwalaye. Na sa aka cika tukwane da bokiti da ruwa, aka zuba ruwan zafi a filas uku, aka tara barguna a ɗaki mafi ƙanƙanta, aka jona duk wayoyi a caji. Abin da kowace matar aure a Kurna ko Ɗorayi za ta yi ba tare da an gaya mata ba. Ƴata da aka haifa a Kano, ta yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai, tana tsaye tana kallona kamar yau ta fara ganin haka. Shekara shida kacal ta yi a can.

Kafin tara aka ce haɗarin ya wuce. Aka mayar da kazar tanda.

A Kano in an ɗauke wuta, zafi ne, sauro ne, kifin firiza ya lalace, mai walda ya zauna, tela ya koma keken ƙafa. Asara ce mai cin rai, a asibiti kuma tana kisa. Amma gidan talaka bai rataya a kan waya ɗaya ba: akwai gawayi, akwai rijiya ko ɗan garuwa, akwai inuwar darbejiya, mai hali yana da janareta ko sola. Wahala ta sa mun yi wa rayuwa ƙafafu da yawa. A Edmonton a irin wannan dare ƙafa ɗaya ce, kuma mutanen da ke tsaye a kanta ba su taɓa sunkuyawa sun dube ta ba.

Sau huɗu aka yi shelar ƙarancin wuta cikin kwana huɗu, daga Juma'a zuwa Litinin, ko da yake ta Asabar ce kaɗai aka buga wa kowa a waya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Irin wannan sanyi yakan zo da tsayawar iska, sai manyan fankokin samar da wuta da iska da ke kudancin lardin suka yi cirko-cirko. Rana ta faɗi tun kafin mutane su dawo daga aiki, sola ba ta da abin bayarwa. Wasu tashoshin gas kuma sun sami matsala ko suna cikin gyara. Maƙwabciyarsu British Columbia da ake jawo wuta daga wajenta ita ma tana rawar ɗari, ga shi fari ya rage ruwan madatsunta har ta koma sayen kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutarta daga waje a 2023. Duk wannan a lardin da ke zaune a kan ɗaya daga cikin manyan taskokin mai na duniya. Rijiyar Leduc da aka haƙo mai a cikinta a 1947, wadda ta sauya arzikin Alberta, tana nan kusa da filin jirgin da muka sauka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, na ɗauka mu kaɗai ake yi wa wannan karin maganar.

Abin da na so in ji shi ne me mutane za su ce bayan gari ya waye. Maƙwabcinsu wani dattijo ne Bature da ya yi aikin rijiyoyin mai har ya yi ritaya. Muna gaisawa ta saman shinge ya ce laifin gwamnatin tarayya ne da masu son iska da rana, su suka sa aka rufe tashoshin kwal. A masallaci wani injiniya ɗan Pakistan ya ce a'a, laifin gwamnatin lardi ne, wadda tun Agustan 2023 ta dakatar da amincewa da sababbin ayyukan sola da iska na wata bakwai, ta kuma bar kasuwa ta yi yadda take so. A ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Sai dai na tambayi kowanne ko ya tanadi wani abu a gida saboda gaba. Dattijon ya ce yana da janareta a gareji amma ya yi shekaru bai tayar da shi ba. Injiniyan ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, nan ba Karachi ba ce." Zancen ya zama na siyasa, kamar yadda muke musun ƙwallo a majalisa, kowa ya faɗi nasa ya tashi. Cikin mako guda sanyi ya sassauta, fitilun ado suka dawo.

A makon ne suka kai mu West Edmonton Mall, kasuwar da aka rufe da rufi ɗaya tun 1981, wadda sai ka yini ba ka zagaye ta ba. A cikinta akwai tafki mai igiyar ruwa ta inji, ɗumi kamar Kano a watan Maris, mutane tsirara-tsirara suna iyo, ta saman gilashi kuma kana hango sararin hunturu. Hajiya ta kawar da kai tana istigfari. Ni kuwa ina tsaye ina ƙiyasta injunan da ke riƙe da wannan bazara ta ƙarya, na ciro waya zan ɗauki hoto, sai na ga cajina saura kashi huɗu. Ni! Mutumin da a gida ba ya barin waya ta sauka ƙasa da tamanin, wanda ko a gidan gaisuwar mutuwa idonsa na kan soket. Kwana ashirin suka isa su kwance mini tarbiyyar shekara talatin. Daga ranar na rage ganin wautar mutanen. Sabo turken wawa ne, kuma turken bai tambayi launin fata ba.

A ƙarshen wata na bar Hajiya ta cika arba'in, na biyo ta gabas. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin wuta a wajen Toronto ya karɓe ni. Shi ya fara gaya mini cewa a lardinsu na Ontariyo ba sa cewa lantarki, haidiro suke cewa, wato wutar ruwa, kamar yadda har gobe yaranmu ke ihun Nepa in an kawo wuta. Sunan ya samo asali daga Nayagara, inda ya kai ni na ga ruwan yana zubowa tsakanin duwatsun ƙanƙara. Ya nuna mini tashoshin Sir Adam Beck a ƙasan kogin, ya ce bisa yarjejeniyar 1950 da Amurka, da dare da kuma lokacin hunturu ana iya rage ruwan da ke zubowar zuwa rabi a karkatar da sauran cikin injuna. To amma sunan ya tsufa. Kusan rabin wutar lardin yanzu daga nukiliya take, daga tashoshin Bruce da Darlington da Pickering. Sun rufe tashar kwal ta ƙarshe a 2014. Pickering, wadda ta fara aiki a 1971, an daɗe da sa mata ranar ritaya, sai ga shi a ranakun da nake can gwamnati ta ce za a sabunta injunanta huɗu, saboda ba a ga abin da zai maye gurbinta ba. Daga baya, a Oktoban 2024, hukumar wutar lardin ta yi hasashen buƙata za ta ƙaru da kashi 75 cikin ɗari kafin 2050: masana'antun batir, motocin lantarki, rumbunan kwamfuta, ga jama'a. A 2023 kaɗai Kanada ta ƙaru da mutum fiye da miliyan ɗaya.

Na ce masa to mutane sun damu? Ya ce, "Malam, abin da ya dame su kuɗin bil ne. In ka ce za a ƙara kuɗi don a gina sabuwar tasha, sai a kayar da kai zaɓe. In ka ce za a ja layin wuta ta bayan gidansu, sai kotu." Ya ce abokan aikinsa da suka ga babban duhun 14 ga Agustan 2003, wanda ya taso daga jihar Ohio ta Amurka ya shafi mutum kusan miliyan 50, labarinsa suke bayarwa kamar na sallah: an fito da nama daga firiza an gasa a titi, maƙwabta sun san juna, yara sun ga taurari. Na ce ai a Agusta ne. Da a Janairu ne da wani labarin suke bayarwa.

Jirgin ƙasa na hau zuwa Montreal, awa biyar a gefen tafkin Ontariyo. Can akwai wani aminina Bamaraɗe, mun yi makarantar allo tare a Fagge kafin iyayensa su koma gida, yanzu tasi yake ja. Lardin Kebek, inda Montreal take, shi ne sarkin ruwa. Kamfanin Hydro-Québec na gwamnati ne, an kafa shi a 1944, aka haɗe masa sauran kamfanoni a 1963, kuma mutanen suna alfahari da shi kamar tutarsu. Manyan madatsunsa suna can arewa mai nisa, a ƙasar ƙabilar Cree, wutar tana tafiyar kilomita kusan dubu kafin ta iso birni. Tana cikin mafi arha a nahiyar, shi ya sa yawancin gidaje da ita suke ɗumama ɗaki kai tsaye. A gidan aminina na ga tagar madafa a buɗe, hita tana aiki a ƙarƙashinta. Wai ƙaurin suya yake kora.

Ranar 3 ga Fabrairun 2023 lardin, mai mutum kusan miliyan tara, ya ja megawat fiye da 43,000. Shekara da shekaru ana gaya musu wuta ta yi musu yawa, har aka ƙulla yarjejeniyar sayar wa jihohin New York da Massachusetts da ke Amurka ta shekara ashirin zuwa ashirin da biyar. Sai kwatsam zance ya juya: rarar ta ƙare. A 2023 aka yi dokar cewa duk masana'antar da ke son fiye da megawat biyar sai minista ya sa hannu. A Nuwamban shekarar shugaban kamfanin na lokacin, Michael Sabia, ya fito da shirin kashe dalar Kanada biliyan 155 zuwa 185 kafin 2035. Ruwan madatsun ma ya ja baya saboda ƙarancin ruwan sama. Da ministan makamashi na lokacin, Pierre Fitzgibbon, ya ba da shawarar a riƙa kunna injin wanke kwanuka da tsakar dare don a rage cunkoso, aminina ya ce mako guda fasinjojinsa suna mayar da shi abin dariya.

Shi kansa ya ɗanɗana. A Afrilun 2023, cikin azumi, ruwan sama mai daskarewa ya karya rassan bishiyoyi a kan wayoyi, gidaje fiye da miliyan ɗaya suka rasa wuta. Kwana biyu suna buɗa-baki da burodi da ruwan sanyi, suna cajin waya a mota. Amma matar da ta ba shi haya, wata tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, ko a jikinta. Ya kai ni muka gaishe ta, yana yi mana tafinta. A ɗakinta na ƙasa akwai murhun itace, itacen a jere har rufi, fitilar kananzir biyu, rediyo mai batir, gwangwanayen abinci. Ta ce a Janairun 1998 tana zaune kusa da Saint-Hyacinthe, a yankin da aka yi wa laƙabi da kusurwar duhu. Kwana biyar ana ruwan ƙanƙara, turakun ƙarfe kusan dubu suka durƙushe, aka fito da sojoji fiye da 15,000, ita kuma ta yi sama da mako uku ba wuta. Ta ce jikokinta suna ce mata mai tara shirgi. A duk tafiyata ita ce mutum ta farko da na ji muna magana da harshe ɗaya, alhali ko kalma ɗaya ta Faransanci ba na ji.

Ba ina cewa Kanada za ta koma Najeriya ba. Suna biyan kuɗin wuta, hukumominsu suna buga lissafinsu a fili, kuma in an roƙe su su kashe fitila suna kashewa, na gani da idona. Injiniyoyinsu sun san abin da ke tafe, su ne ma ke ta faɗa. Sai dai madatsar Site C da ke British Columbia, mai megawat 1,100, an fara ta a 2015, shekara goma ta ci da dala biliyan 16 kafin ta kammala, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ni na girma a Kanon da masaƙun Bompai da Sharaɗa ke aiki dare da rana, Kainji tana sabuwa, in za a ɗauke wuta sai an sanar a rediyo an ba da haƙuri. Ban tuna wata rana guda da aka ce yau ce wuta ta lalace ba. Awa ɗaya ce ta zama biyu, muka sayi kyandir, muka sayi ƙaramin janareta, muka ce gwamnati za ta gyara.

Da zan bar Edmonton na bar musu tocilar a aljihun tebur na madafa, da sababbin batura huɗu. Ranar 5 ga Afrilu, muna gida ana shirin sallah, surukina ya turo saƙo cewa yau kam an yi karɓa-karɓar wuta a wasu unguwannin Edmonton da Calgary na ɗan lokaci, amma bai kai kansu ba, kuma ba sanyi. Ya haɗa da hoton fuska mai dariya.

A ƙarshen Oktoban 2024 Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na biyun da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi. Zauren gidana ya koma wajen caji, wayoyin unguwa sun fi arba'in a kan tabarma, kowacce da sunan mai ita a takarda. Ƙanƙarar naira ɗari ta koma ɗari biyar. Ana cikin haka ƴata ta kira ta bidiyo, hankalinta a tashe, ta gani a labarai. "Abba, yaya kuke yi? Ku dawo nan mana ku huta." A bayanta ina hango fitilun falo da na madafa da na matakala duk a kunne, da rana tsaka, yaron yana rarrafe. Na ce lafiya lau muke, batura suna riƙewa. Na ce hunturu ya kusa, ina tocilar? Ta ce tana nan, bari ta duba. Na ji tana jan aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar mijinta ko ya gan ta, shi kuma daga wani ɗakin yana cewa wace tocila. Kafin ta dawo sabis ya ɗauke.